Wayar da Alhaji Ya Hana a Taɓa

Sana'ata sayar da wayoyi na hannu. Da laima da benci na fara a bakin tasha a Gusau, ina sayar da katin waya da caja, har Allah ya buɗa mini na kama shago. Ban yi boko mai nisa ba, amma na san waya kamar yadda mahauci ya san nama. Tun farko na ɗaukar wa kaina ƙa'ida guda: duk wayar da ta shigo hannuna, sai na goge abin da mai ita ya bari a ciki, na tsabtace ta, sannan na sabunta manhajarta zuwa ta ƙarshe da za ta iya ɗauka, kafin ta hau gilashi. Da wannan aka san ni. Mutum zai saya ya tafi, ba zai dawo gobe yana cewa abu kaza ya ƙi buɗewa ba.

Ɗiyata ta fari ita ce ta yi karatun kwamfuta. Sunan mahaifiyata gare ta, don haka Uwata nake ce mata. Tana aure a nan Gusau, mijinta malami ne a wata makaranta a Bungudu, kullum ya je ya dawo, suna da 'yar ƙaramar yarinya. Wani kamfani da ke Legas ya ɗauke ta aiki, aka yarda ta riƙa yi daga gida. Shafin intanet suke kula da shi, wanda mai dabba zai buɗe a wayarsa, ya ɗauki hoton dabbar da ba ta da lafiya, ya rubuta abin da ya gani, ya aika wa likitan dabbobi. Ita ke gyara shafin idan an sami matsala.

Wata safiya ta shigo shago da jakar kwamfutarta, ta gaishe ni, ta zauna kan bencin masu jira. Ban ga fara'ar da na saba gani ba.

Na ce, "Uwata, lafiya? Ko malam ne ya yi laifi in je in ja masa kunne?"

Ta ce, "Baba, malam ba ruwansa. Aiki ne."

Ta yi mini bayani, kuma ta yi shi yadda zan gane. Ƙofar da mutum ke bi a wayarsa ya shiga shafin intanet, ita ake kira burauza, kuma ba iri ɗaya ba ce a kowace waya. Shafi guda zai fito daidai a wannan, ya karkace a waccan. Masu dabbobi sun yi ta ƙorafi cewa idan sun gama rubutu, maɓallin aikawa sai ya ɓace, su rasa inda za su danna. Ta yi gyara. To amma ba a sakin gyara sai an gwada shi a kowace burauza. Wasu tana iya kwaikwayonsu a cikin kwamfutarta. Wasu kuwa ba su yarda da kwaikwayo, sai dai a riƙe ainihin wayar a hannu. A ofishinsu na Legas akwai ɗaki guda cike da wayoyi don wannan aikin. Shugabanta ya gaya mata gaskiya ba tare da faɗa ba: idan ba za ta iya gwaji a kan wayoyi na gaske daga inda take ba, to ko dai ta koma Legas ta zauna kusa da ɗakin nan, ko a ba wani kujerar. Ya ba ta zuwa ƙarshen wata.

Legas ba ta taso ba. Malam ba zai bar makarantarsa ba, ita kuma ba za ta bar gidanta ba. Ke nan aikin ne zai tafi. Na san irin wahalar da ta sha kafin ta same shi, na kuma san yadda take son sa.

Na yi dariya, na nuna mata gilashi da hannu. Na ce, "Ɗiyar mai waya ce za ta rasa waya? Wane ɗaki gare su a Legas da ya fi wannan? Ɗauki wadda kika ga dama."

Ta baje su kan tebur. Iri biyu take nema. Na farko ƙananan nan masu maɓallai da ake zuwa da su gona. Na biyu wata irin waya ce mai tsada wadda burauzarta ba ta hawa kan kowace waya sai danginta. Tsofaffin irinta sun cika hannun dillalan dabbobi, domin hotonta na da kyau, kuma ko ta tsufa akwai alfarma a riƙe ta. Ina da su a shago, manya da ƙanana. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana buɗe shafin, tana rubutu, tana aikawa. Ko'ina maɓallin na nan zaune abinsa. Ni ina ta murna, ina cewa an gama. Ita kuwa fuskarta sai ƙara ɗaurewa take yi. Sai ta buɗe tsohon shafin, wanda ba a gyara ba, wanda ake ƙorafi a kansa. Shi ma ya yi aiki sumul a kan kowace.

Ta ce, "Baba, in cutar ba ta bayyana ba, ta yaya zan san maganina ya yi aiki?"

Ta shiga cikin ɗaya daga wayoyin ta duba wani wuri, ta ɗauki ta biyu ta duba, ta ɗago kai ta dube ni.

"Duk ka sabunta su?"

Na ce, "Ƙwarai kuwa. Ni ba na sayar da kwantai."

Ta ce, "To masu ƙorafin ba su taɓa sabunta tasu ba. Wa zai ƙona datarsa a ƙauye a kan abin da bai ga amfaninsa ba? Tsohuwar burauza ce ke ɓoye maɓallin. Ita nake nema."

Na ce a mayar da guda baya mana. Ta ce masu tsadar nan idan sun yi gaba ba su komawa. Nan na zauna kan benci. Abin da na gina sunana da shi a kasuwa, shi ne ya sa kayana suka zama ba su da amfani ga ɗiyata. Ban ji haushin kaina ba, don ba laifi na yi ba. Sai dai na gane cewa abin da take nema ba a gilashin dillali yake ba, yana aljihun mutanen da ba su bari dillali ya taɓa musu waya.

Ƙananan ba su ba ni wahala ba. Ina da abokan ciniki manoma a Wanke da Furfuri. Na aika musu cewa duk mai tsohuwar ƙaramar waya da ke shiga intanet, ya kawo mu yi musaya in ba shi wadda ta fi ta. Suka kawo, wata an ɗaure ta da roba, wata maɓallanta sun goge sai dai ka yi lalube. Hannuna har ƙaiƙayi yake in gyara su, na danne. Ta gwada, cutar ta fito a tsohon shafi, ta ɓace a sabo. Rabin aiki ya tafi.

Babbar ce ta gagara. Na zaga abokan sana'a layi-layi. Ashe duk ƙa'idarmu ɗaya, wasu ma a wurina suka koya. Wata na ta tafiya. Sai ranar nan ina cikin alwala na tuna da wani Alhaji, mutumin 'Yandoto, dillalin dabbobi da ke zama a karar Tsafe, wato kasuwar dabbobi. Ni na sayar masa da irin wayar tun da daɗewa. Duk sanda ya zo Gusau sayen caja, in na miƙa hannu in duba masa ita, sai ya mayar aljihu ya ce in kiyaye shi. Na tabbata tun ranar da ta bar shagona ba wanda ya shiga cikinta.

Muka sa ranar kasuwa. Na tambayi direbobi a tasha yadda hanya take, suka ce lafiya, muka bari rana ta ɗaga muka shiga mota. A hanya na ja mata kunne.

"Uwata, in mun je ki gaishe shi ki yi shiru. Dillali ne. In ya ga ido ya faɗa kan wayar, ko da raƙumi muka zo ba zai sake ta ba. Ni zan kushe ta har ya ji kunyar riƙe ta, sannan in yi masa tayin musaya."

Ta ce to.

Mun same shi a rumfarsa a gefen kara, kan tabarma, ga raguna a ɗaure a turke. Dattijo ne mai jiki, da furfura a gemu, muryarsa kamar yana kiran wani daga ƙetaren gulbi. Aka gaisa, aka tambayi iyali da hanya, ya sa aka kawo fura. Ɗiyata ta durƙusa ta gaishe shi, ta koma gefe. Ana cikin hira wayar ta yi ƙara, ya ciro ta ya amsa. Da ya gama na ce,

"Alhaji, har yanzu wagga gawar kake ɗauke da ita? Ai ko jikanka ba ya karɓar ta kyauta. Dubi gefenta duk ya ci ƙasa. Mutum kamarka, ana ganin girmanka a kara."

Ya dube ni, ya dubi ɗiyata, ya dubi jakar da ke cinyarta. Ya ajiye ludayi.

"Kai mai kwance, ni za ka yi wa wanga karatu? Tun kana tallan kati nike kushe sa in saye shi. Ka baro shagonka ranar kasuwa, ka biya mota, ka ɗauko ɗiya, don kawai ka zo ka zagi wayata? Mi ke cikinta? Zinari anka ce akwai?"

Na fara kame-kame. Ya ɗaga mini hannu, ya juya wajenta.

"Ɗiyata, ubanki maƙaryacin kasuwa ne kamar ni. Ke gaya mini."

Ta dube ni. Na ce ta faɗa, ai an riga an kama mu. Ta gaya masa komai, da shafin, da maɓallin, da Legas, da ƙarshen wata. Ba ta ƙara gishiri ba. Ya saurara har ta gama, yana shafa gemu.

Ya ce, "Na ji, kuma na tausaya. Amma ban saida ta, ban musaya, ban ba da aro."

Na ce, "Haba Alhaji."

Ya ce, "Tsaya ka ji. Ni ban iya karatun boko ba. Wagga waya da wuri na san ta. Nan kore, in kira. Nan ƙasa, in ɗauki hoto. Nan gefe, in ji saƙon mutanen kudu masu sayen shanu. Maƙwabcina ya ba yaransa tasa sunka yi mata wagga sabuntawa taku, ya wayi gari komai ya tashi daga inda ya san shi, kamar an shiga ɗakin makaho an jujjuya kaya. Har yau sai an karanta mai. Ni ba mai taɓa tawa. Ko uwargida ba ta taɓa ta."

Gaskiyarsa ce, kuma a matsayina na mai sayar da waya na san haka. Na fara lissafin ko akwai wani a Tsafe da zan tambaya. Sai ɗiyata ta matso kaɗan ta ce,

"Baba Alhaji, to kada in taɓa. Kai ka riƙe abarka. Ni in faɗi inda za ka danna, kai ka danna. Ido kawai nake roƙo."

Ya ce, "Ido ba ya ɓata waya. Matso."

Haka aka yi. Ta aika masa hanyar shiga shafin gwaji, ta ce masa wannan kwafi ne, ba likitan da zai gani. Ya riƙe wayar da hannu biyu kamar mai riƙon jariri. Ta zauna daga damansa, ni kuma na tsaya a bayansa da tawa wayar ina ɗaukar bidiyo ta saman kafaɗarsa, domin shugabanta na son shaida. Sabis na zuwa yana ɗaukewa. Da aka zo wurin hoto, ta ce ya ɗauki ɗaya daga ragunan nan, a rubuta cewa ba ya cin abinci.

Ya ce, "A'a! Ragon da ke da lafiya in ce ba shi da lafiya? In yi mai baki ranar kasuwa?"

Ta ce gwaji ne kawai. Ya ce bakin mutum bai san gwaji ba. Ya leƙa rumfar maƙwabcinsa, ya hango wata akuya mai ɗingishi, ya miƙe da kansa ya je ya ɗauko hotonta, mai akuyar na tambayar ko saye zai yi. Ya dawo ya zauna. Ta riƙa nuna masa haruffa da tsinken tsintsiya ba tare da ta taɓa gilashin ba, shi kuma yana dannawa da ƙaton yatsansa, har aka rubuta "ƙafa".

Aka fara da tsohon shafi. Yana gama rubutu, maɓallin aikawa ya ɓace ƙarƙashin haruffan. Ɗiyata ta yi wata 'yar ƙara ta murna. Alhaji ya ce bai taɓa ganin wanda ke murna da ganin cuta ba sai likita da ita. Aka koma sabon shafi, wanda ta gyara. Aka sake hoto, aka sake "ƙafa". Maɓallin ya leƙo, amma rabinsa kawai. Alhaji ya danna, yatsansa ya sauka kan harafi. Ya sake, haka.

Na sauke wayar da nake ɗaukar bidiyo na dubi ɗiyata. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ce, "Alhamdu lillahi da muka zo. Da na saki wannan, da an dawo mini da shi." Ta ciro kwamfuta ta ɗora kan jakar a cinyarta, ta hau aiki a nan cikin rumfa, ga kukan awaki, ga masu ciniki na rantse-rantse. Alhaji ya tashi ya sayar da rago, ya dawo. Muka je muka yi azahar muka dawo, tana nan. Wayarsa kuma batir ya fara ja, don tsohon batir ne, ba ya jimawa. Na ciro abin cajin tafiya daga aljihuna, ya karɓa ya soka da hannunsa.

Ta ce a sake. Mai akuya ya riga ya gaji da mu, ya jawo ta ya ɗaure a bakin rumfar Alhaji. Hoto, "ƙafa", sai ga maɓallin ya hau sama da haruffa ya zauna cikakke, har ta ƙara masa faɗi. Alhaji ya danna sau ɗaya. Shafin ya nuna saƙo ya tafi.

Ya ce, "Shi ke nan? Wanga ɗan abu ne zai kai ki Legas?"

Ta ce, "Shi ne, Baba Alhaji."

Ya ce, "To ki gaya musu ni na gyara."

Muka kamo hanya da sauran rana. A mota ta aika bidiyon. Kafin mu shigo Gusau shugaban ya amsa. Ya yaba, ya ce irin wannan tsohuwar ko a ɗakinsu babu, tasu duk an sabunta. Amma ya yi tambayar da ta dace: gyara ba ya ƙarewa, shin duk sanda aka canza wani abu za ta iya sake gwadawa a kan wayar nan? In za ta iya, zamanta a Gusau ya fi musu amfani.

Wannan kuma aikina ne. Na san batirin nan ba zai kai damina ba, kuma ranar da ya mutu Alhaji zai jefa wayar a akwati ne. Na nemo batir mai kyau irin nata, na koma Tsafe ni kaɗai da 'yan sukurdirebobina. Wannan karon ban kushe komai ba. Na ce masa ga abin da nake so, ga abin da zan yi masa. Zan canza batir, kuma duk abin da ya lalace a jikinta nan gaba, gilashi ko wurin caji, ni zan gyara, ba zan shiga cikinta ba. Shi kuma in ɗiyata ta aiko da gwaji, ya danna mata.

Ya ce, "A gabana za ka buɗe ta."

Na ce a gabansa.

"Kuma a kashe take har ka gama."

Na ce a kashe.

Na shimfiɗa farin ƙyalle kan tabarmarsa na yi aikin, yana tsaye a kaina yana numfashi kamar sa. Da na rufe, ya karɓa ya kunna da kansa, ya bi wurarensa ɗaya-ɗaya, kore, ƙasa, gefe. Ya ga komai na inda ya bari. Sai ya ce a kawo mini fura.

Aikin ya zauna. Ba ta je Legas ba, sai sau ɗaya da suka kira taro ta kwana biyu ta dawo. Yanzu ba ma sai mun je Tsafe kowane lokaci ba. Takan kira shi ta wayar maƙwabcinsa, a saita kyamara kan hannunsa, ta faɗa ya danna. Yakan yi mata ƙorafi kamar shi ke biyan ta albashi, wai rubutun ya yi ƙanana, wai launin nan ba ya ganuwa a rana, kuma sau da yawa sai ta gyara.

Nakan biya gidanta bayan la'asar in na rufe shago da wuri. Nakan tarar da ita a tsakar gida, kwamfuta a kan kujera 'yar tsugune, ƙananan wayoyin an jera su cikin faranti suna caji, malam na gefe yana duba takardun ɗalibai. In zauna, a kawo mini ruwa, in ce, "Uwata, yau wace ce ta ƙi?" Ta nuna mini da baki, ba ta ɗago kai ba. In ɗauki wayar in jujjuya, in mayar da ita cikin farantin yadda na same ta.